Tsawon Sili: Yadda Irin Audugarmu Ya Sauya Hannu

A cikin tarkacen da kakata ta bari a Fakku akwai wata 'yar taskira da ba wanda ya yi gardamar gadonta, don haka ta faɗo hannuna. Abin da ke ciki bai wuce mazari biyu ba, da guntun alli, da magurjin ƙarfe wanda hannu ya goge shi har yana ɗaukar ido, sai wani ƙullin tsumma mai ɗauke da ƙwayar angurya goma sha wani abu. Na daɗe ban kula da ƙullin nan ba. Sai da na girma na shiga karance-karancen tarihin ƙasarmu na gane cewa shi ne abu mafi tsufa a cikin taskirar, domin irin da ke cikinsa ya girmi kakata, ya girmi Turawan da suka ci Sakkwato a 1903.

Mu a ƙasar Kebbe da Tambuwal kaɗa muke ce wa auduga. Ina yaro, in rani ya yi, tsofaffin gidanmu kan zauna gindin bango da hantsi, wata na gurza, wata na shiɓa da baka, kakata kuwa kaɗi ne nata. Wata rana aka kawo mata kaɗa daga kasuwa. Ta tsinci kaɗan, ta ja tsakanin yatsunta, ta sake ninkawa ta ja, har silin ya jeru kamar gashin ido. Ta dube shi, ta taɓe baki.

"Inna, mi ne ne?" na tambaye ta.

Ta ce, "Maigidana, wagga kaɗa ba uwa ɗaya ta haife ta ba. Dubi, ga dogo ga gajere. In na murza, dogon shi kama, gajeren shi zame. Wadda munka sani da, ko idonka rufe ka taɓa ta ka san sunanta."

A lokacin dariya na yi. Yau na san cewa jan da ta yi da yatsu shi ne ainihin gwajin da masu tantance auduga a Libaful suka yi shekara da shekaru suna yi kafin a ƙera na'urar awo, kuma hukuncin da ta yanke shi ne wanda masana suka yanke wa audugar Nijeriya bayan 1986: iri ya cakuɗe. Yadda aka yi ya cakuɗe shi ne labarin da nake son bi, kuma labari ne da ya faro nesa da Fakku.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake nufi da ingancin auduga. Kowane sili ɗaya da muke gani ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ta tsiro daga fatar angurya ta miƙe. Bayan fure ya buɗe, silin kan yi kamar mako uku yana tsawo, sannan ya tsaya ya shiga yin kauri daga ciki har ƙwallon ya fashe. Ruwan sama da ƙarfin ƙasa da ƙwari duk suna da ta cewa a wannan aiki. In damina ta ɗauke da wuri silin ba ya nuna, sai ya fito rarrauna. Amma iyakar tsawon da zai iya kaiwa, da laushinsa, da ƙarfinsa, gado ne, a cikin iri suke. Ba takin da zai sa gajeren iri ya haifi dogon sili, kamar yadda ba dusar da za ta mayar da jaki doki.

Jinsin auduga huɗu ɗan Adam ya mayar abin nomawa. Biyu na Afirka da Asiya ne, wato herbaceum da arboreum, masu kuromosom 26, kuma silinsu gajere ne mai kauri, galibi bai kai inci ɗaya ba. Biyu kuma daga nahiyar Amurka suka fito, wato hirsutum da barbadense, masu kuromosom 52. Barbadense ita ce mai silin alharini da aka san Masar da shi. Hirsutum kuwa ita ta cinye duniya, don kusan kashi 90 cikin 100 na audugar da ake nomawa yau ita ce. Ƙasar Hausa ta san fiye da ɗaya daga cikin waɗannan tun kafin zuwan Turawa. Tsoffin irin Afirka da Asiya sun daɗe a nan, na Amurka kuma sun shigo sannu a hankali ta hannun fatake bayan jiragen ruwa sun haɗa nahiyoyin, suka zauna har aka manta baƙi ne. Manoma ba su san waɗannan sunaye na Latin ba, amma sun raɗa nasu. Daga bakin kakata na ji gwandi, da 'yar ƙarfi, da matan Kanawa mai jan fure wadda akan bari a bayan ɗaki ta shekara. Kowacce da aikinta: wata don arafiya, zare mai siriri na tsaye, wata don abawa mai kauri da ake saƙa gwado da luru, wata ma ba don zare ake ajiye ta ba sai don magani.

Wannan iri-iri ne ya ɗauki nauyin masana'antar da ta fi kowace girma a Daular Usmaniyya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ga saƙa da rini da bugu, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300. Ya ce ana kai su Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Duk wannan kaya, kore da turkuɗi da saƙi, daga mazarin mata ya fito, sili bayan sili. Ba Kano kaɗai ba. Kowane gari a ƙasar Sakkwato da Gwandu da Zamfara yana da masaƙansa, kuma a gidaje da yawa kuɗin kaɗi ne uwa ke tarawa ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Babu wanda ya taɓa cewa silin nan gajere ne, domin yatsun da ke murza shi sun san yadda ake lallashinsa. Mai kaɗi takan ji inda zare zai tsinke tun kafin ya tsinke, ta ƙara murɗi ko ta rage.

Inji ba ya lallashi. A nan ne bukatar Lankasha ta bambanta da tamu. Masaƙun Ingila an ƙera injinansu ne bisa audugar Amurka, mai sili kusan inci ɗaya ko fiye, kuma bai ɗaya. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya toshe musu wannan auduga, masana'antu suka rufe, dubban ma'aikata suka shiga yunwa. Ba su manta ba. Da wani ƙwaro mai huda ƙwallon auduga ya kutsa gonakin Amurka daga 1892, farashi kuma ya riƙa hawa da sauka, sai masu masaƙun suka kafa ƙungiya a Mancasta a 1902 don a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Ita ce BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, sunan da har yau ake kiran wasu unguwanni da shi. Arewacin Nijeriya ne babban abin da suka sa wa ido. Sun ga ƙasa mai faɗi, ga jama'a da suka riga suka iya noman auduga, suka ɗauka abin da ya rage kawai a shimfiɗa dogo. Wannan buri yana cikin manyan dalilan da suka sa aka kai jirgin ƙasa Kano a 1911.

Lissafin bai fita ba. Bisije ta zo da farashin kusan kobo ɗaya na lokacin, wato dinari guda na Ingila, a kan kowace laba ta auduga mai angurya. Masaƙan Kano da fataken da ke yi musu saye suna biyan fiye da haka, domin su tufa suke sayarwa, ba ɗanyen kaya ba, kuma ba su da kuɗin jirgin ruwa a wuyansu. Manomi ba ya bukatar malami ya gaya masa inda zai kai kayansa. Da dogo ya buɗe, abin da ya cika taragai a 1912 gyaɗa ce. Ina jin daɗin wannan gaɓa ta tarihi fiye da yadda ya kamata mai nazari ya ji, domin ba kasafai ake ganin masu mazari sun kayar da masu inji a kasuwa ba, ko da na ɗan lokaci ne.

Da Turawa suka ga ba za su iya saye audugar ƙasa ba, kuma ko sun saya ba ta gamsar da injinansu, sai suka juya ga iri. A 1912 aka shigo da wani irin hirsutum mai suna Allen, wanda asalinsa daga Misisipi ta Amurka ne amma ya biyo ta Yuganda, aka gwada shi a gonar Maigana kusa da Zariya. Ya karɓi ƙasar. Silinsa ya ɗara inci ɗaya, fari ne, kuma yana fitar da auduga mai yawa daga angurya idan aka gurje. Lankasha za ta iya biyansa da tsada fiye da na gida. To amma iri mai kyau ba ya zama da kyansa don kansa. Furen auduga galibi kansa yake yi wa barbara, sai dai ƙudan zuma da sauran ƙwari kan ɗauki garin fure daga wannan gona su kai waccan, kuma a wurin gurza angurya kan haɗu. In aka bar Allen kusa da gwandi, bayan 'yan shekaru ba Allen ba gwandi. Saboda haka aka gina wani tsari mai tsauri a kewayensa. En'e ta hana shuka irin gida a yankunan da aka keɓe wa Allen. Aka kafa fuloti inda nan kaɗai aka yarda a sayar da auduga, malamin awo ya duba ya raba ta daraja-daraja, ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Daga fuloti sai gidan gurza na Bisije, a Zariya da Funtuwa da Malumfashi, mu kuma a lardin Sakkwato a Gusau da Mayanci, musamman bayan dogo ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Daga gidan gurza angurya ke dawowa kyauta ta hannun hakimai da dagatai. In kaka ta wuce kuma doka ce a tuge karan auduga a ƙone, don kada tsutsa ta sami mafaka har wata damina. Wannan doka ta ƙarshe, ko da niyyarta ta yaƙi da ƙwari ce, ita ta yanke wa irin da ke shekara a bayan ɗaki hukuncin kisa.

Adalci ya wajaba a nan. Aikin da aka yi a kan Allen aiki ne na ƙwarai. Tashar bincike ta Samaru da aka buɗe a 1922, da gonar yaɗa iri ta Daudawa, sun shafe shekaru suna zaɓe: a ɗauki itace ɗaya mai kyau, a shuka 'ya'yansa a layi guda, a auna silinsu, a zubar da mafi yawa, a riƙe kaɗan. Ba tsawo kawai suke nema ba. Sun gano cewa itace mai gashi a ganye ya fi jure wa wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan ganye, sun kuma zaɓo masu jure cutar da ke baƙanta reshe. Daga nan aka sami Samaru 26C, sai 26J, daga baya Samaru 71 da 77, har zuwa jerin da ake kira Samcot bayan tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Allen ɗin da ya zauna a ƙasarmu ya zama iri na kansa, har wasu suka zo ɗiba. Faransawa sun kai shi Cadi da Kamaru, kuma daga jininsa aka fitar da irin Albar mai jure cuta wanda ya yaɗu a gabashi da kudancin Afirka. Baƙon da ya zo daga Misisipi ya koma fita da sunan Nijeriya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake ba da labarin kamar an sami duhu ne aka kawo fitila. Kalmar inganci a bakin Bisije tana nufin abin da injin Lankasha ke so, ba wani abu ba. Ba a tambayi mai saƙa luru irin silin da ke riƙe ɗumi ba, ba a tambayi marini wanne ya fi shan baba ba, balle a tambayi manomi wanne ke haƙuri in an shuka shi a makare. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai nauyi. Malaman gona sun yi ta nanata cewa a shuka auduga a watan Yuni. Manomi kuwa a watan Yuni gero da dawa ne a gabansa, don ba a tuƙa tuwo da auduga. Sai ya gama noman farko, wajen ƙarshen Yuli ko Agusta, yake waiwayar ta. Rahotanni suka yi ta kiran wannan taurin kai. Ni ina ganin hankali ne na wanda ya san yunwa. Sakamakon dai shi ne irin da aka zaɓa a gonar gwaji bisa shukar wuri da feshin magani ya riƙa ba da kaɗan daga abin da zai iya a gonar talaka.

Garuruwa irin namu, da ke nesa da dogo, tsakanin Gummi da Jega, tsarin bai matse su kamar yadda ya matse Funtuwa ba. Kakata ta ce Allen ta zo musu, sun kuma karɓe ta, har ta yaba laushinta wajen arafiya. Amma mata ba su saki nasu ba. Sukan soka ƙwaya biyar ko shida a gefen rijiya ko cikin kewaye, inda idon dogari ba ya kaiwa, kuma a haka irin ya riƙa bin amare daga gida zuwa gida. Abin da doka ta kasa kashewa, atamfa ce ta kashe shi. Da yadin kanti ya yi arha, masaƙa suka fara naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya, kuma macen da ba mai sayen zarenta ba ta da dalilin ajiye iri.

Na ɗan lokaci kamar hasarar ta biya kanta. An kafa hukumar cinikin auduga a 1949. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, da ƙoƙarin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna tare da wani kamfanin Ingila, wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Audugar da aka zaɓa don Lankasha ta koma ciyar da injinan gida, 'ya'yan manoma suka zama ma'aikata. In da labarin ya tsaya nan, da sai a ce ciniki ne aka yi: mun ba da iri da yawa mun karɓi ɗaya, amma ɗayan yana da gata.

Gatan ne aka cire a 1986, lokacin da gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Hukumar auduga tana da laifuffukanta, kuma manoma sun daɗe suna kukan tana danne farashi. Sai dai waɗanda suka rushe ta sun ɗauke ta a matsayin mai saye kawai, suka manta ita ce kuma mai tsaron iri. Ita ke tabbatar da cewa anguryar wannan yanki ba ta haɗu da ta wancan ba, ita ke ɗauko sabon iri daga Samaru ta yaɗa shi zango-zango, ita ke riƙe da malamin awo a fuloti. Da ta tafi, kowa ya zama mai saye. Auduga ta riƙa tsallaka yankuna da kan iyakoki a bayan mota, gidajen gurza suka haɗa duk abin da ya zo, masu matsar mai suka saye angurya, abin da ya rage shi manomi ya shuka. Tun da ba a ƙara biyan mai tsabta fiye da mai datti ba, tsabtar ta zama wahalar banza. Aka koma zuba auduga a buhun leda, zaren buhun ya shiga cikinta, ya ƙi shan rini a masaƙa, sunan audugar Nijeriya ya zube a kasuwar duniya. Masaƙun ma ba su daɗe ba; rashin wuta da shigowar yadin waje suka haɗu da ƙarancin auduga mai kyau, har masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002. A cikin waɗannan shekaru ne aka kawo wa kakata kaɗar da ta ce ba uwa ɗaya ta haife ta ba.

A 2018 gwamnati ta amince da fitar da iri biyu na auduga da aka sanya wa ƙwayar halittar wata bakteriya don su kashe tsutsar da ke cin ƙwallo, aikin wani kamfanin Indiya tare da cibiyar Samaru. Muhawara ta tashi, wasu na yabo wasu na tsoro. Ni abin da tarihin nan ya sa nake tambaya ya fi wannan sauƙi. Irin nan haɗe-haɗe ne, wanda ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa a sami yadda yake. Kowace damina sai an saya. Wa zai kai shi Fakku a kan lokaci, a kan nawa, kuma wa zai tsaya a kasuwa ya biya dogon sili kuɗin dogon sili? Allen ma ba don kyansa kaɗai ya yi shekara saba'in ba.

Bara da damina na kwance ƙullin kakata. Na san angurya ba ta daɗewa da rai, kuma wannan ta haura shekara ashirin a tsumma, amma na jiƙa ƙwaya bakwai na shuka a bayan ɗakin da ta zauna. Na yi mako uku ina leƙawa kowace safiya. Ko ɗaya ba ta tsiro ba. Na bi tsofaffin unguwarmu ina tambaya ko akwai mai sauran matan Kanawa a gidanta. Yawancinsu sun tuna sunan, biyu sun kwatanta mini furen. Wata ta ce ta taɓa ganin itacen a gidan wata ƙanwarta da ke aure wajen Kuci, amma ta daɗe ba ta je ba, kuma hanyar yanzu ba ta biyuwa yadda ake so. Ragowar ƙwayoyin na mayar cikin tsumman, na ƙulle, na sa a taskira kusa da mazari.